Ƙasar Aro: Zamana Na Malamin Turanci A Koriya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, wani yaro ɗan maƙwabtanmu a nan Unguwar Sanusi, wanda bai daɗe da kammala hidimar ƙasa ba, ya yi mini sallama bayan sallar isha'i. Da muka gaisa sai ya ciro waya ya nuna mini wani bidiyo da ya gani a Facebook, wai ana neman malaman Turanci a Koriya ta Kudu, ga gida kyauta, ga kuɗin jirgi, ga albashin da in ka juya shi zuwa naira sai ka riƙe baki. Ya ce, "Yaya, an ce ka yi wannan aikin a can. Don Allah ka nuna mini hanya." Na ba shi amsar da ta sawwaƙa a daren, amma bayan ya tafi sai na ga ban faɗa masa rabin abin da ya kamata ya ji ba, domin kuwa akwai wani sashe na labarin nan wanda ko 'yan gidanmu ban taɓa ba su shi filla-filla ba. Shi ne na ce bari in rubuta, shi ya karanta, wasu ma su ƙaru.

Ni dai ɗan Unguwar Sanusi ne, nan aka yanke cibiyata. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, zamanin da in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi kamar fara. Ya shekara ashirin da ɗoriya yana tsaye gaban inji, abin da ya lura da shi kuwa shi ne, duk wanda ke zaune a ofis ƙarƙashin fanka da Turanci ya fi shi, ba da ƙarfi ko sanin aiki ba. Saboda haka ya ƙudurta a ransa cewa ɗansa na fari sai ya ji Turanci kamar yadda jakin Kano ke jin Hausa. Makarantar da ya sa ni doka ce ba a yin Hausa, wai banakula ce. Akwai monita mai rubuta sunaye, ranar Juma'a a karanto, kowa ya sha bulala gwargwadon laifinsa. Ban manta ranar da wata malama ta tsayar da ni gaban aji, ta ce in faɗi kalmar da ke nufin mutane da Turanci. Na ce "fiful". Aji ya ɗauki dariya, ita ma ta taya su. Tun daga ranar na ci alwashin sai na ga bayan harshen nan.

Haka kuwa aka yi, na bi shi har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na fito da digiri a kansa. Sai dai kafin in fito masaƙun Kakuri sun riga sun rurrufe ɗaya bayan ɗaya, Baba ya dawo gida ya zauna da rediyonsa, har Allah Ya karɓi abinSa a 2012. Ni ne babba, ga Inna, ga ƙanne huɗu, ga aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashin da ba ya ganin ashirin ga wata. Ana cikin haka wani abokina ya ba ni labarin tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu: shekara ɗaya ka koyi harshensu, shekara biyu ka yi digiri na biyu, su ciyar da kai. Na cika takardu ba don na sa rai ba, Allah Ya sa da rabo.

Na sauka filin jirgin sama na Inchon a watan Agusta na 2014, ashe na zo a mugun lokaci. Wata guda kafin nan cutar Ebola ta ɓulla a Legas, a watan Afrilu kuma an sace 'yan matan Chibok. Abu biyu ke nan da ɗan Koriya ya sani game da Najeriya a shekarar. Har wata mashaya a Seoul sai da ta manna takarda a ƙofa cewa ba ta karɓar 'yan Afirka, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har suka nemi gafara. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar, amma wa ya ji wannan? In na zauna a jirgin ƙasa, sau da yawa kujerar da ke kusa da ni haka za ta zauna babu kowa har in sauka.

Kada mai karatu ya ɗauka duk zaman baƙin ciki ne. Sanyinsu dai ba a magana, hunturun Kaduna wasan yara ne, ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara sai da na ji kunnuwana kamar ba a jikina suke ba. Abinci ma sai da lura, domin naman alade ya shiga kusan komai, na koma shinkafa da kifi da ƙwai da kimci, wato kabejin nan nasu mai yaji da tsami. Ranar Juma'a in hau jirgi zuwa Itewon, inda babban masallacin Seoul yake, wanda aka buɗe a 1976, in yi salla in sayi naman halal. Amma ta fuskar ɗabi'a sai na ga kamar a gida nake. Ba a shiga ɗaki da takalmi. A ƙasa ake zama a ci abinci. Ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, ba a kama sunansa, ba a fara cin abinci sai ya fara. Mace in ta haihu sai a koma kiranta maman wane. Wallahi da za ka ɗauko Inna ka ajiye ta cikin tsofaffin matansu, in ban da harshe babu abin da zai raba su.

To, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙishirwar Turanci da mutanen nan ke fama da ita. Tun 1997 yaro ke fara darasinsa daga aji uku na firamare. In an tashi daga makarantar gwamnati kuma ba gida zai nufa ba, sai makarantun lesin da suke kira hagwon, waɗanda suka cika benaye a kowace unguwa, har sai da aka kafa doka a Seoul cewa ƙarfe goman dare a sallami yara. Akwai wata jarrabawar shiga jami'a da suke yi rana ɗaya a watan Nuwamba, ranar ana jinkirta buɗe ofisoshi don a rage cunkoso, lokacin da ake gwajin sauraren Turanci kuwa hatta jiragen sama ba sa tashi ba sa sauka, don kada ƙararsu ta dami yara. Ni da na zo da digirin Turanci a jaka sai na ce to, kakata ta yanke saƙa.

Ashe da sauran rina a kaba. Bizar da ake bai wa baƙo mai koyar da Turanci, wadda suke kira E-2, an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya, wadda da Turanci aka rubuta tsarin mulkinta, da shi majalisarta ke muhawara, wadda ɗanta Wole Soyinka ya ci kyautar Nobel da shi tun 1986, ba ta cikin lissafi. Yaron da ya karanta aikin gona a Amurka ya cancanta, ni da na shekara huɗu a kan nahawu ban cancanta ba. Sai bayan na kammala karatu a 2017, na samu takardar zama irin wadda ba ta ɗaure mutum da aiki ɗaya ba, sannan na fara yawon neman aiki. Na shiga hagwon ya fi goma. A waya sai a yi ta murna da ni, in na bayyana a ƙofa sai a ce an riga an ɗauki wani.

A birnin Suwon, kudu da Seoul, na dace da wata mata mai ƙaramar makaranta a hawa na huɗu na wani bene. Ta zaunar da ni muka yi hira ta rabin awa, ta sa na koyar a gabanta, ta ce ta gamsu. Sannan ta rage murya ta ce, "Malam, ni ba ni da matsala da kai, amma iyaye ne ke biyan kuɗi. In suka tambaya, ka ce daga Afirka ta Kudu kake." Ta kuma ce sunana ya yi wa yara nauyi, nan take ta yanka shi biyu, ta ɗauki rabin farko ta lanƙwasa shi ya koma kamar na Bature, ta rubuta a jikin ƙofar aji. Sunan nan kuwa na kakana ne na wajen uba. Inna ba ta taɓa kama shi da bakinta ba tun da ta haife ni, ga kunyar ɗan fari ga ta suruki, Baban Gida take ce mini. Shi ne wata ta datse a gabana kamar rake, ni kuma na yi murmushi na ce na gode. Na tuna rufin ɗakin Inna da ke zuba, da kuɗin makarantar ƙannena, na ce a raina ai duk Afirka ce, wa aka cuta?

Aikin yara daga ƙarfe uku na yamma ne zuwa bakwai, 'yan shekara shida zuwa sha biyu. Makon farko wannan ya shafa hannuna ya duba yatsansa ko baƙin ya fita, wancan ya taɓa gashina ya ruga. Daga baya muka shaƙu. A nan ne na gano wani abin dariya: mu P ce ke zame mana F, su kuwa F ce ke zame musu P, domin babu ita a harshensu. Kofi "kopi" suke ce masa. Sannan suna da irin halinmu na cusa wasali tsakanin baƙaƙe, yadda muka samu burodi da sukurudireba, su ma haka suke yi wa kalmomin Bature, har abin da muke ce wa askirim su "aisu-kurim" suke cewa. Ciwon da na sha bulala a kansa shi ne nasu, an dai juya shi ne. Sai na ɗauko dabarar da na yi wa kaina magani da ita a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru: kowane yaro ya riƙe 'yar takarda gaban bakinsa, in ya haɗe leɓɓa ya saki iska takarda ta yi tsalle, P ke nan, in ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya hura a hankali, F ke nan. Cikin wata biyu ajina ya wuce na Baturen da ke ɗaki na gaba. Ba fin sa iya harshen na yi ba. Shi a nono ya sha, bai san inda ƙayar take ba, ni kuwa na taka ta.

Daga takwas zuwa goma na dare ajin manya ne: ma'aikatan kamfani masu neman makin jarrabawar TOEIC don ƙarin girma, da matan aure biyu, da wani dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu mai zama a kujerar gaba. Shi ba girma yake nema ba. Ɗansa ya yi ƙaura zuwa Kanada, an haifa masa jikoki biyu a can, ba sa jin Koriyanci sai kaɗan, in an ba su waya sai su yi ta kallon juna da kakansu. Shi ne ya zo koyon Turanci da furfurarsa don ya samu abin ce musu. Duk da ya haife ni, in zai yi mini magana sai ya ce "Malam" ya ɗan rusuna, ni kuma in ce masa Baba.

Na shekara guda cur ina ɗan Afirka ta Kudu. Na haddace sunayen garuruwansu, na karanta tarihin Mandela, in yaro ya tambaye ni ko akwai zaki a bayan gidanmu in yi dariya in kauce. Ranar da abin ya fara ci mini rai kuwa ita ce Alhamis 28 ga Yuni, 2018. Daren jiya Koriya ta doke Jamus da ci biyu da nema a gasar cin kofin duniya ta Rasha, garin kamar ana salla. Mu kuwa Ajantina ta riga ta yi waje da mu kwana ɗaya kafin nan, ni kaɗai na ci baƙin cikina a ɗaki. Na ce yau darasinmu hira ce a kan ƙwallo. Sai wani ma'aikacin banki ya ce, "Malam, ai a ƙasarku muka taɓa yin sa'a, a Durban, 2010, da muka yi biyu da biyu da Najeriya muka wuce zagaye na gaba. Ka tuna ɗan wasansu da ya ɓarar da ƙwallo ga raga a buɗe?" Ya miƙe yana kwaikwayon yadda Yakubu Aiyegbeni ya yi, aji ya ɗauki shewa. Jama'a, wasan nan a gidan kallo na gan shi a nan unguwarmu, na ga wani dattijo ya cire hularsa ya buga da ƙasa, na koma gida ban ci tuwo ba. Ga shi yau ina tsaye da alli a hannu ina taya su dariya. Bakina na dariya, cikina kuwa kamar an zuba barkono.

Da aka fita hutun minti goma sai ga kiran Inna, domin awa takwas ke tsakaninmu, darenmu ranarsu ce. Na laɓe a matakalar bene muka gaisa, ta ba ni labarin ruwan da aka yi, da ƙanwata da za a kawo wa kuɗin gaisuwa, ta yi mini addu'a, na ce amin. Ina kashe waya sai na ji murya a bayana an ce, "Sannu da aiki." Da Hausa. Na juya, Baba ne tsaye da kofin shayi a hannu. Ya ƙara da cewa, "Ina gajiya?" Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce "Ba gajiya" ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla," ya koma aji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa zaton a hawa na huɗu a Suwon nawa zai ƙure ba.

Bayan an tashi ya jira ni a ƙasa, ya ja ni wani shagon shayi. Ashe injiniya ne, ya yi shekara huɗu a wajejen Fatakwal cikin shekarun 1980 tare da wani kamfanin gine-gine na ƙasarsu. Maigadin sansaninsu Bahaushe ne, mai shayin bakin ƙofa ma haka, a wurinsu ya tsinci gaisuwa. Ya ce ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, maigadin nan ne ya kwana a ƙofar ɗakinsa. Ya ce tun watan farko ya zarge ni, domin ya ga yadda nake ɗan durƙusawa in zan karɓi abu a hannunsa. Na sunkuyar da kai na shiga kawo uzuri, na iyaye, na shugabar makaranta, na rufin ɗaki. Ya saurare ni har na gama.

Sannan ya ba ni nasa labarin. Ya ce Japan ta mulki ƙasarsu daga 1910 zuwa 1945, a ƙarshen mulkin kuwa an fitar da Koriyanci daga makarantu. Yayansa ya sha ba shi labarin yadda ake sa yara su riƙa tona asirin juna in wani ya kuskura ya yi harshen gida, a hukunta shi. A 1940 aka matsa wa mutane su koma sunayen Japanawa, mahaifinsa na cikin waɗanda suka canza, domin in bai yi ba 'ya'yansa ba za su samu makaranta ba. A 1942 aka kama malaman da ke haɗa ƙamus na harshen, wasunsu a kurkuku suka mutu. Ya ce har mahaifinsa ya bar duniya bai yarda an ambaci sunan nan na aro a gabansa ba. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, shi da takobi a wuyansa ya ajiye sunansa. Kai wa ya ɗora maka takobi?" Ban samu amsa ba. Ya biya kuɗin shayi, ya ce mini "Sai gobe," ya tafi.

Daren nan barci bai ɗauke ni ba. Na tuna monita da takardarsa, na ce ashe abin da ɗan mulkin mallaka ya yi musu da ƙarfi, mu da kanmu muke yi wa 'ya'yanmu, har mu biya kuɗin makaranta a kai. Na kuma lura da abin da na shekara huɗu ina gani ban gane ba. Mutanen nan da ke kashe dukiya a kan Turanci, babu wanda ya taɓa jin kunyar harshensa a cikinsu. Da Koriyanci yaro ke koyon lissafi da kimiyya, da shi likita ke yi wa majinyaci bayani, da shi ake shari'a, da shi ake taro a kamfanonin da ke ƙera wayoyin da ke aljihunmu. Sarki Sejong da ya ƙirƙiro musu baƙaƙensu na Hangul a 1443, don talaka ya iya karatu ba sai ya haddace dubban alamomin Sin ba, hotonsa ne a takardar won dubu goma, kuma 9 ga Oktoba hutu ne a ƙasar don tunawa da rubutun. Turanci a wurinsu kayan aiki ne, kamar fartanya, a ɗauka a yi noma a jingine. Ni kuwa na mayar da shi riga, har na yarda in tuɓe tawa don in sa shi, masu shi kuma suka ce ba a ɗinka da ni ba.

Ranar Litinin na sami shugabar makaranta na ce mata na gaji. Ta yi fushi, ta ce in yi abin da na ga dama, amma duk yaron da aka cire daga cikin awoyina za a cire. Na goge sunan da ke ƙofa na rubuta nawa cikakke. Manya ba su ce komai ba, sai ma'aikacin bankin nan da ya yi ta ba ni haƙuri a kan Yakubu har muka koma dariyar gaske. Yara ne suka fi wuya. Wata 'yar shekara tara ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba kai ka ce ƙarya ba kyau ba? Me ya sa ka yi?" Na ce tsoro na ji. Ta yi shiru, sannan ta ce to in nuna musu inda Najeriyar take. Muka je jikin taswira na ɗora yatsa a kan Kaduna.

Ba zan ce gaskiya ta biya ni nan take ba. Cikin mako uku an cire yara biyar, albashina ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ɗakin Inna ya ƙara cin wata damina yana zuba, ƙarshen shekara kuma ba a sabunta mini kwantiragi ba. Baba ne ya haɗa ni da wata cibiyar tsofaffi ta unguwarsu, inda na ci gaba da koyarwa da sunana har na bar ƙasar. Kafin in taho ya nuna mini wasiƙar farko da ya rubuta wa jikarsa da Turanci, layi shida, ya ce ta amsa masa da layi biyu cikin baƙaƙen Hangul, karkatattu, mahaifinta ya kama mata hannu.

Akwai kuma wani abu da ya ƙarasa kashe mini jiki. A masallaci wani ya gaya mini cewa a Jami'ar Hankuk ta nazarin harsunan waje, reshenta na Yongin da ke maƙwabtaka da Suwon, ana koyar da Hausa tare da Swahili da Zulu. Aka haɗa ni da wani ɗalibi mai neman wanda zai riƙa hira da shi. Ya gaishe ni tiryan-tiryan, har da tambayar iyali. Sannan ya ce akwai abin da yake so ya ji daga bakin mai harshe: me ya sa ake cewa "yara sun zo" amma a ce "yaran da suka zo"? Na buɗe baki na rufe. Ni da zan iya yin awa guda ina warware lokutan aikatau na Turanci, abin da na iya ce masa shi ne, "Haka dai ake faɗa." Yaron nan ya buɗe littafinsa, shi ya yi mini bayani. Shekara shida bayan haka, a 2024, da na ji marubuciyarsu Han Kang ta ci kyautar Nobel ta adabi da littattafan da ta rubuta cikin harshen uwarta, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Na dawo gida a 2021. Mun gyara ɗakin Inna, ƙannena biyu sun gama karatu, alhamdu lillahi. Yanzu ina da ɗan lesin na yamma a zauren gidanmu. Turanci nake koyarwa, kuma da gaske nake yi, domin wanda ya ce yaronmu zai ci jarrabawa ko ya samu aiki a ƙasar nan ba da shi ba yaudararsa yake yi. Amma da Hausa nake bayani, babu monita, babu tara, ranar Asabar kuma Magana Jari Ce muke karantawa, domin na tarar da yara 'yan sakandare da ba sa iya karanta layi biyu na Hausa ba su yi tuntuɓe ba. Wasu iyayen sun yi ƙorafi, wani ma ya cire 'ya'yansa, ya ce ba tatsuniya ya kawo su koya ba. Ban ga laifinsa ba, irin tunanin Babanmu ne, kuma ƙauna ce ta kawo shi. Gwamnatin tarayya ma ai a Nuwamban 2022 ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 ta dawo ta soke. In manya suna wannan kai-komo, ina laifin mai sayar da kayan miya?

To ƙanena mai son zuwa Koriya, ga sauran amsarka. Tallan da ka gani ba da mai koren fasfo ake ba, duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka wannan biza, riƙe kuɗinka. In karatu kake so, tallafin gwamnatinsu ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nema ko ta jami'o'insu kai tsaye, ka gwada sa'arka, ƙasa ce da za ka koyi abubuwa da yawa, kuma akwai mutanen kirki. Amma ka sani wata rana za a rage murya a ba ka shawara irin wadda aka ba ni, kuma mai ba ka ita ba lallai mugu ba ne, yunwarka ma za ta goyi bayansa. Ni na karɓa, na ci albashinta shekara guda, kuma har yau in na tuna dariyar da na yi ranar Alhamis ɗin nan sai in ji kunya ta rufe ni. Kai dai ka je da sunan da aka raɗa maka ranar bakwai, ka dawo da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.

Daga Unguwar Sanusi, Kaduna.